Yadda Ake Karanta Zanen Takarda na Holan na Ƙarni na 19

Wanda ya buɗe shafin intanet na gidan tarihin Rijksmuseum da ke Amstadam, ya nemi zane-zanen da aka yi a kan takarda tsakanin 1800 da 1900, zai tarar da dubban hotuna a jere, kuma abin da zai fara gajiyar da shi shi ne kamanninsu: shanu a makiyaya, injin niƙa mai aiki da iska, jiragen masunta a bakin teku, sai sararin sama da ya cinye fiye da rabin takardar. Ga baƙon ido duk kanwar ja ce. Sai dai a cikin wannan jerin akwai takardar da mai ita yake bin sawun magabatansa na ƙarni na 17 ƙafa da ƙafa, akwai wadda ta buɗe wa masu zanen Faransa ido, akwai kuma wadda ta haɗa tsoho da sabo a fuska ɗaya, kuma irin wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawa. Shekarar da aka rubuta a ƙarƙashin zane ba ta isa ta nuna maka inda ya tsaya ba, sunan mai shi ma bai isa ba. Takardar ce da kanta za ta faɗa maka, idan ka san abin da za ka tambaye ta.

Ka fara da sanin abin da mutanen Holan na wancan zamani suke nufi da zane. Kalmarsu ita ce tekening, kuma a wurinsu ta ƙunshi har da aikin fentin ruwa, matuƙar dai a kan takarda aka yi shi. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ka nemi zane aka kawo maka hoto mai launi cikakke. A ƙarƙashin kowane hoto gidan tarihi yakan rubuta kayan aikin da aka yi amfani da su, kuma yana da kyau ka haddace kalmomi kaɗan na harshensu domin wani lokaci ba a fassara bayanin: potlood shi ne fensir, zwart krijt baƙin alli, houtskool gawayi, penseel buroshi, dekverf kuma fenti mai kauri wanda yake rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ka kuma duba girman takardar a santimita kafin ka yanke wani hukunci. A fuskar waya kowane zane girmansa ɗaya ne, alhali wani bai wuce tafin hannu ba, wani kuma ya kusa mita guda a faɗi. Abin da nakan yi shi ne in yanki tsohuwar jarida daidai da awon da aka rubuta, in ajiye ta a gabana, domin in san ko da yatsu aka ja layin ko da dukan hannu tun daga kafaɗa.

Tambaya ta farko da za ka yi wa takardar ita ce: don wa aka yi ki? A farkon ƙarnin zanen takarda yana da kasuwarsa ta daban a Holan. Masu hali da masu sha'awa sukan tara zane-zane a manyan jakunkuna na kwali, su taru da yamma a kewaye da dogon tebur, a riƙa miƙa takardun ɗaya bayan ɗaya daga hannu zuwa hannu ana tattaunawa. Wannan zama suna kiransa kunstbeschouwing, kuma ƙungiyoyi ne suke shirya shi, irin su Felix Meritis ta Amstadam wadda aka kafa a 1777, da Arti et Amicitiae ta 1839, da Pulchri Studio ta birnin Heg ta 1847. Zanen da aka yi domin irin wannan zama yana da alamominsa: an gama shi har kusurwoyi huɗu, sau da yawa an ja masa layin iyaka da tawada, an sa hannu a ƙasa, kuma an cika shi da ƙananan abubuwa domin mai kallo yana riƙe da shi ne kusa da fuskarsa. Zanen da mutum ya yi wa kansa a fili kuwa yakan bar gefe babu komai, yakan maimaita ƙafar saniya sau uku a gefe guda, wani lokaci ma ya rubuta sunan launi a kan gajimare domin ya tuna idan ya koma ɗakin aiki. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin kuskuren da sabon mai kallo ya fi yi shi ne ya ga zane mai sauri da sakin hannu ya ce na zamani ne. Ko mai zanen da ya fi kowa riƙo da al'ada hannunsa a sake yake a littafin gwajinsa. Sauyin da ya faru a tsawon ƙarnin shi ne cewa wannan sakin hannu ya fito daga littafin gwaji ya shiga takardar da ake sayarwa, har masu saye suka koyi son sa.

Bayan haka ka faɗaɗa hoton ka dubi takardar kanta. Tsohuwar takarda da ake yi da hannu tana da siraran layuka a jikinta kamar haƙarƙari, sawun wayoyin matacin da aka tace ta a kai, kuma alli yakan yi tsalle a kansu ya bar ɗigo-ɗigon fari. Sabuwar takarda mai santsi, wadda ta bazu a wannan ƙarni, ba ta da waɗannan layuka, shi ya sa ta dace da fensir mai tsini da fentin ruwa. Idan ka ga takarda ta yi jaja-jaja ta bushe kamar ganye, mai yiwuwa daga niƙaƙƙen itace aka yi ta, irin mai araha da ta yawaita a rabin ƙarnin na biyu. Amma ka yi hattara, domin wasu masu zanen ƙarshen ƙarni da gangan suke neman takarda mai haƙarƙari saboda yadda take kama gawayi.

Yanzu sai tsarin hoton. Domin ka gane mai bin al'ada, dole ka ajiye aikin magabata a gefe kana kwatantawa, wato ka buɗe wani zanen daji na Jacob van Ruisdael ko Meindert Hobbema, da shanun Aelbert Cuyp, da hotunan hunturu na Hendrick Avercamp. Bayan mulkin Faransa ya kau aka kafa masarautar Holan a 1815, mutanen ƙasar sun ɗauki ƙarni na 17 a matsayin zamanin ɗaukakarsu, kuma mai zane da yake son yabo sai ya nuna cewa shi magajin waɗancan ne. Jacob van Strij na garin Dordrecht, wanda ya rasu a 1815, ya bi Cuyp, ɗan garinsu, har ya zama ana iya rikita aikinsu. Andreas Schelfhout, wanda ya rayu daga 1787 zuwa 1870, ya shahara da hotunan masu zamiya a kan ƙanƙara. Barend Cornelis Koekkoek kuwa, wanda ake yi wa kirari da yariman masu zanen daji, ya koma garin Kleve na Jamus a 1834 domin a can akwai tuddai da manyan itatuwa da babu su a shimfiɗaɗɗiyar ƙasarsu, ya kuma buɗe makarantar zane a can a 1841. A takardun waɗannan za ka ga tsari kusan iri ɗaya: gaba mai duhu, tsakiya mai haske, nesa mai dishi-dishi, babbar bishiya a gefe ɗaya tana tsare hoton kamar ƙyaure, hanya mai lanƙwasa tana jan ido zuwa ciki, ƙananan mutane da dabbobi an dasa su daidai inda ake bukata. Ganyen bishiya an yi shi da wani ɗan lanƙwason hannu da ake maimaitawa ɗaruruwan sau, wanda ɗalibi yake koya daga malaminsa kamar yadda ake koyon baƙi. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa wurin da kake gani galibi babu shi a duniya, an harhaɗa shi ne a ɗaki daga gwaje-gwajen da aka yi a wurare dabam-dabam. A ganina ba aibi ba ne, gwaninta ce ta gaske, sai dai bayan ka kalli ashirin a jere za ka fara hango inda saniya za ta tsaya tun kafin ka gan ta.

Daga nan ka nemi Johan Barthold Jongkind, domin shi ne zai hana ka dogara da shekaru. An haife shi a 1819, ɗalibin Schelfhout ne a Heg, ya tafi Faris a 1846. Abubuwan da yake zanawa na gida ne, kogi da jirgin ruwa da injin niƙa da masu zamiya, kamar dai malaminsa. Amma ka faɗaɗa ɗaya daga cikin zane-zanensa na fentin ruwa ka gani: ya fara da baƙin alli yana karce da sauri, layukan suna karyewa suna rawa, sannan ya ɗiɗɗiga launi a kai ba tare da ya damu launin ya tsaya cikin layi ba, ya bar farin takarda ya zama hasken ruwa. A ƙasa yakan rubuta sunan wurin da ranar da ya yi aikin, wanda yake nuna cewa abin da ya dame shi shi ne hasken wannan rana takamaimai. Mai zanen Faransa Claude Monet ya haɗu da shi a gaɓar Normandi a 1862, kuma daga baya ya shaida cewa Jongkind ne ya kammala tarbiyyar idonsa. Ke nan ɗalibin mutumin da ya fi kowa riƙo da al'ada yana cikin waɗanda suka share wa sabon salon Faransa hanya.

Mafi yawan takardun da za ka ci karo da su daga wajen 1870 na mazhabar Heg ne, sunan da wani mai sharhi, Jacob van Santen Kolff, ya raɗa musu a 1875. Ba makaranta ce mai azuzuwa ba, taron masu zane ne da suka zauna a gari ɗaya: Jozef Israëls, da Anton Mauve, da 'yan'uwa uku na gidan Maris, da Hendrik Willem Mesdag, da Jan Hendrik Weissenbruch, da Johannes Bosboom. Sun ga aikin masu zanen Barbizon na Faransa waɗanda suke fita daji su yi aiki a gaban abin da suke zanawa, wasunsu kuma sun yi irin wannan zama a ƙauyen Oosterbeek. A 1876 suka kafa ƙungiyar Hollandsche Teekenmaatschappij, wadda take baje kolin fentin ruwa a Heg, kuma daga lokacin zanen takarda ya ƙara girma, ya shiga firam ya hau bango yana gogayya da fentin mai. Domin ka gane su, ka nemi inda sama ta haɗu da ƙasa: yana can ƙasa-ƙasa, babu bishiyar da take tsare gefe, launi kuma ya koma ruwan toka iri-iri, mai ɗumi da mai sanyi. A takardar Weissenbruch ka matsa kusa da gajimare, za ka ga fuskar takardar ta yi gashi-gashi a wasu wurare, domin yakan jiƙa ta, ya zuba launi, ya wanke da soso, ya kankare, ya sake zubawa, har hasken ya fito daga cikin takardar. Wannan wahalar da aka ba takarda ita ce babbar shaida, domin mai bin tsarin Koekkoek ba zai taɓa yarda a ga sawun gyara a aikinsa ba. Duk da haka su kansu 'yan mazhabar Heg suna ganin sun koma ne ga gaskiyar magabatansu, wadda masu ƙawata daji suka lulluɓe. Bosboom ne ya fi nuna wannan a fili: cikin majami'u yake zanawa, abin da Pieter Saenredam da Emanuel de Witte suka yi shekaru ɗari biyu kafin shi, kuma yana yi da ruwan tawada mai launin ƙasa irin na Rembrandt, babban mai zanen Holan na ƙarni na 17, amma ginshiƙansa ba su da layin awo, tabo ne na duhu da haske da aka zuba da buroshi cikin sauri.

Vincent van Gogh shi ne inda ya kamata ka daɗe, domin a cikin shekaru goma kacal, daga 1880 zuwa 1890, ya bar zane-zanen takarda fiye da dubu, kuma idan ka jera su bisa shekaru za ka ga tafiyar ƙarnin gaba ɗaya a hannun mutum guda. Ya fara ne ta hanyar da kowane ɗalibi yake farawa, yana kwafar darussan zane na Charles Bargue sau da sau. A ƙarshen 1881 Mauve, wanda yake auren 'yar kawun Van Gogh, ya koya masa fentin ruwa a Heg. A 1882 wani ƙanin mahaifinsa mai sayar da hotuna ya ba shi aikin zana wurare 12 na birnin, kowane ɗaya a kan gilda biyu da rabi, kuɗin Holan na lokacin. Ka nemi zanensa na wannan shekara wanda ya yi daga tagar ɗakinsa a titin Schenkweg, na filin kafintoci da wurin shanyar wanki, wanda yake gidan tarihin Kröller-Müller a Otterlo. Shingayen katako duk suna gudu zuwa wuri ɗaya a nesa, a miƙe kamar an ja su da zare, domin a wancan lokaci yana fama da ƙa'idar nisa da kusa, har ya yi amfani da wani firam mai zarurruka a gicciye yana leƙawa ta cikinsa, dabarar da aka sani tun zamanin Dürer, mai zanen Jamus. Amma abin da ya zaɓa ya zana shi ne bayan gida, da tsummoki a igiya, da tarin katako, abin da Schelfhout ba zai ɓata takarda a kansa ba. Ka lura kuma da nauyin hannunsa. Fensirin kafinta ya fi so, yana danna shi har ya yi rami a takarda, sannan ya zuba madara a kai domin ta kashe ƙyallin fensirin ta mayar da shi baƙi mai laushi, kamar yadda ya bayyana a wasiƙunsa.

Ka tsallaka zuwa 1888, lokacin da yake Arles a kudancin Faransa, ka buɗe zane-zanen filayen da ya yi daga tudun Montmajour. Da alƙalamin kara ya yi su, wanda yake yanka da kansa daga karan da ke fitowa a yankin. Duk wanda ya taɓa rubutu da alƙalami a makarantar allo ya san halin wannan kayan aiki: ba ya riƙe tawada da yawa, layi yakan fara da kauri ya ƙare a bushe, kuma dole a riƙa komawa kurtu a kai a kai. Wannan hali ne Van Gogh ya mayar da shi salo. Tun da alƙalamin ba ya ba da dogon layi, sai ya rarraba fili zuwa gajerun alamomi, gonar alkama ɗigo-ɗigo, ciyawa tsaye-tsaye, kunyoyin noma kwance-kwance, kowace gona da irin nata rubutun, har ido ya riƙa jin bambancin launi alhali tawada ɗaya ce. Akwai tasirin hotunan bugu na Japan a nan, wanda ya tara da yawa a Faris, amma alƙalamin kara kansa kayan aikin Rembrandt ne.

Masu zanen Amstadam na bayan 1885 ba su da wuyar ganewa. George Hendrik Breitner, wanda ya taɓa yawon zane tare da Van Gogh a unguwannin talakawan Heg, da Isaac Israels, ɗan Jozef, sun koma Amstadam a 1886, kuma takardunsu cike suke da titi, da dawakin tarago, da 'yan aikin gida, da gidajen rawa, an yi su da gawayi ko alli a tsaye cikin jama'a. Idan ka ga bakin takarda ya yanke mutum biyu kamar yadda kyamara take yi, to kana wajensu. Breitner ma mai ɗaukar hoto ne.

Inda layi ya rabu da abin da ido yake gani gaba ɗaya shi ne wajen Jan Toorop. An haife shi a tsibirin Java a 1858, lokacin da Holan take mulkin can, ya zauna a Burasels cikin ƙungiyar masu zane ta Les XX, ya gwada kusan kowane sabon salo kafin ya kai ga salon alamci, wato zanen da yake isar da ma'ana ta hanyar alamomi. Ka nemi zanensa na amare uku na 1893, shi ma a Kröller-Müller, wanda aka yi da fensir da alli a kan takarda mai launin ƙasa, faɗinsa ya kusa mita guda. Amarya tana tsakiya cikin farin lulluɓi, a gefe ɗaya mai ibada, a ɗaya gefen mai sarƙar ƙoƙunan kai, daga ƙararrawa a kusurwoyin sama kuma layuka suna kwararowa waɗanda gashi ne kuma amo ne a lokaci guda. Siraran hannuwan matan daga 'yan tsanan wasan inuwa na Java suka fito. A nan tambayar da ka yi ta yi tun farko, ko a fili aka yi zanen ko a ɗaki, ba ta da amfani kuma, sai dai ka bi layi ɗaya da ido daga farkonsa ka ga inda ya kai ka. A 1894 Toorop ya yi tallar man salak na wani kamfani a Delft da irin waɗannan layuka, har mutanen Holan suka riƙa kiran sabon salon ado na zamanin da salon man salak.

Kafin ka rufe kowane hoto, ka duba kusurwoyinsa, da bayansa idan gidan tarihin ya ɗora hoton bayan. Ƙaramin hatimi da za ka gani alamar wanda ya taɓa mallakar takardar ce, kuma Frits Lugt ya tattara irin waɗannan alamomi a wani kundi a 1921, wanda cibiyar Fondation Custodia da ya kafa a Faris ta ɗora a intanet, ana iya bincika shi kyauta. Ka kuma tuna cewa launin da kake gani yau ba lallai ne shi mai zanen ya gani ba. Tawadar da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe baƙa ce a ranar da aka yi aiki da ita, shekaru ne suke mayar da ita ruwan ƙasa, wani lokaci har ta ci takardar. Wata tawada mai ruwan shanshanbale da Van Gogh ya yi amfani da ita a Arles kuwa ta kusa ɓacewa sarai saboda haske. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen tarihi ba sa barin zanen takarda a bango sai na 'yan watanni, a ɗaki mai ƙarancin haske, sauran lokacin kuma yana kwance a akwati. Wanda ya samu zuwa Amstadam yana iya neman izini a ɗakin nazari na Rijksmuseum a fito masa da takardar da yake so, a ajiye ta a gabansa a kan tebur, kusan yadda masu kallon Felix Meritis suka riƙa ganin ta.